Na Je Legas Na Dawo: Magana Ga Masu Neman A Canza Musu Jihar Bautar Ƙasa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare ya karanta a nutse.

Shekaranjiya bayan mun fito daga lakcar yamma, muna zaune wajen mai shayi a bakin ƙofar jami'a, nan Tudun Wada, mu 'yan aji huɗu, sai hira ta gangaro kan bautar ƙasa. Wani ya ce shi tuni ya fara tara kuɗin da zai ba wani mai hanya, don kada a kuskura a jefa shi kudu. Wani ya ce akwai wanda zai yi masa takardar asibiti, a rubuta yana da asma. Na ukun ya ce: "Ni dai a kai ni Bauchi ko Yola, in ya yi nisa Jos. Legas kam ko a mafarki."

Sai na ce, to cikinku wa ya taɓa zuwa Legas ɗin? Mu tara ne a bencin nan, ba wanda ya ɗaga hannu. Kowa labari ya ji. Wani a bakin yayan abokinsa, wani a TikTok.

Ban yi musu dariya ba, don bara warhaka bakinmu ɗaya da su. Abin da ya canza mini tunani kwana goma sha ɗaya ne da na yi a garin, a hutun Disambar da ta wuce. Shi nake so in ba ku labari, sannan in faɗi ra'ayina, wanda na san ba kowa zai yi wa daɗi ba.

Ina da Baffa, ƙanin mahaifina, ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi. Ya fi shekara ashirin yana kai wake da riɗi Legas, wadda shi har gobe Ikko yake ce mata. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi. Da aka yi hutu ya ce in zo in raka shi in riƙe masa lissafi. Ranar da zan tafi Dada ba ta yi barci ba. Ta ɗaure mini dambu da ƙuli-ƙuli a leda, tana ta nanata mini kada in yarda da kowa, kamar wanda za shi yaƙi.

Tirelar kaya ta riga mu tashi da kwana biyu, mu kuma muka bi bas. Gombe zuwa Bauchi, Jos, Akwanga, Abuja, muka haye gadar kogin Neja kafin Lakwaja, sai Okene, Akure, Ibadan. Tafiyar ta haura kilomita dubu, kuma ta cinye mana kusan kwana guda cur. Na bar Gombe da rigar sanyi ana hunturu, na sauka a gari mai wani irin zafi na gumi da ke manne wa mutum riga a jiki.

Ku san abin da na fara gani? Shanu. Kafin ka shiga garin sosai, daga kan doguwar gadar nan ta wajen Berger, in ka leƙa ƙasa kasuwar Kara ce, garke-garke na shanu da raguna, irin waɗanda ake lodawa daga kasuwanninmu. Muryar farko da ta yi mana maraba a tasha kuwa da Hausa ce: "Alhaji an iso? Ya hanya?"

A Agege muka sauka, gidan wani aminin Baffa. Wallahi in aka rufe maka ido aka ajiye ka a wasu layukan Agege, za ka rantse kana Jekadafari ko Bolari. Mai shayi, mai tsire, mai wankin hula, makarantar allo, tuwo da miyar kuka. Akwai dattawan da a nan aka haifi kakanninsu, suna jin Yarabanci kamar Hausa. Haka Idi-Araba, haka Obalende, haka Alaba Rago.

Washegari da asuba muka je Mile 12. Jama'a, duk wanda yake karanta tattalin arziki ko noma a makarantar nan bai ga Mile 12 ba, akwai babin da ya tsallake. Tirela bayan tirela, kwandunan tumatir, buhunan albasa, attaruhu, tattasai, wake, doya. 'Yan dako suna gudu da kaya a ka, yawancinsu yaranmu ne, wasu ba su kai ƙannenmu na sakandare ba. In kun tuna, a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Nan da nan tumatir ya yi tsada a Legas, a arewa kuma ya ruɓe a hannun manoma. Da na tsaya a kasuwar nan sai na gane abin da ya faru a lokacin: igiya ɗaya ce ta ɗaure mu da su, duk wanda ya ja ta da ƙarfi, har shi sai ya faɗi.

A rana ta huɗu na ga teku. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Dadin Kowa, sai ga ni gaban ruwan da ba ya da ɗaya gaɓar. Na ɗanɗana, gishiri ne kuwa kamar yadda ake faɗa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai jiragen ne. Mun shiga kwalekwale mai inji daga CMS zuwa Apapa, muka bi ta kusa da wani jirgin ruwa da ya fi duk wani gini da na sani a Gombe tsawo, an jera masa kwantena bisa kwantena kamar kwalin ashana. Ga injinan ɗaga kaya suna sauke su ɗaya bayan ɗaya, ga tireloli sun yi layi suna jira.

A nan ne lissafi ya fara haɗuwa a kaina. Alkamar da ake yin burodin da muke ci da shayi, yawancinta daga waje ake kawo ta, kuma manyan injinan niƙa fulawa suna nan Apapa. Wayar da kake karanta rubutun nan da ita, kayan gyaran Keke Napep, injin ban ruwa na manoman rani, akasarinsu ta bakin ruwan nan suka shigo. Ranar da aka ƙara kuɗin fito, ko dala ta tashi, ko hanyar Apapa ta cushe, bayan 'yan makonni sai ka ji mai shago a Babbar Kasuwa ko Sabon Layi yana ce maka "kaya sun tashi". Ashe wani ɓangare na farashin Gombe a bakin teku ake yanka shi, mu kuwa ko wurin ba mu sani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na yi rubutun nan.

Riɗin Baffa wani sito muka kai, na masu fitar da kaya ƙasashen waje. Ba zan faɗi sunansu ba. Aka ɗora a sikeli, aka soka wani ƙarfe a buhuna aka ɗebi samfur, aka shiga da shi wani ɗaki. Bayan kamar awa ɗaya aka fito da takarda. An zaftare wani abu saboda laima, an zaftare saboda ƙasa da tsakuwa, an zaftare wani abin kuma da ban ma gane sunansa ba. Baffa ya miƙo mini takardar ya ce: "Ungo ɗana, kai ne ɗan boko. Duba mana ko daidai ne."

Na karɓa. Na duba sama, na duba ƙasa. Turancin dai ina karantawa, amma ban san me ake nufi ba. Ban san adadin laimar da aka yarda da ita ba, ban san yadda ake auna ta ba, ban san nawa ake sayen tan ɗaya in ya isa Turkiyya ko Chana ko Japan ba. Shekara uku da ɗoriya ina jami'a, ina da maki mai kyau, amma na tsaya kamar gunki. Na ce: "Baffa, ku yi haƙuri, ban gane ba."

Bai yi faɗa ba. Murmushi kawai ya yi ya ce: "Ba komai. Shekara ashirin haka nake karɓa, abin da suka rubuta shi ne."

Ku fahimce ni, ban ce an cuce mu ba. Wataƙila lissafinsu daidai ne har kwabo. Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne, ko an cuce mu, ba mu da hanyar sani. Wanda ya rubuta takardar kuwa saurayi ne sa'ana. Da muka ɗan yi hira ya ce mini a wurin ya yi bautar ƙasarsa, ya koyi aikin, suka riƙe shi. Yanzu ya san takardun kwastam, ya san yadda ake kama gurbi a jirgi, ya san masu saye a waje. Shekara ɗayar nan da mu muke biyan kuɗi don mu guje mata, ita ce ta zame masa jari.

To ra'ayina ke nan, kuma a kansa nake: mutanenmu sun cika Legas, amma da ƙarfinsu suka je. Masu dako, masu gadi, masu tura baro, masu yankan farce, masu jan shanu zuwa mayankar Oko-Oba, direbobin tirela da ke kwana a ƙarƙashin mota suna jiran layi. Wanda bai yi boko ba bai ji tsoro ba, ya hau bayan tirela ya tafi. Mu da aka kashe wa kuɗi muka riƙe biro, mu ne muka maƙale a gida muna jiran gwamnatin jiha ta buɗe ɗaukar aiki. Sai ya zama a wurin da ake ɗaukar buhu muna da dubbai, a teburin da ake rubuta farashin buhun kuwa, a iya inda na shiga dai, da ƙyar na ji mai jin Hausa. Wannan giɓin laifinmu ne mu ɗalibai, ba laifin Baffa ba.

Na san abin da wasu za su ce: ai 'yan arewa ne ke shugabantar hukumar tashoshin jiragen ruwa. Gaskiya ne. Hadiza Bala Usman ta hau a 2016, bayanta Mohammed Bello-Koko, sannan Abubakar Dantsoho a 2024. Amma wannan kujerar naɗi ce, yau kai ne gobe wani. Sanin yadda ake fitar da kwantena ɗaya ta riɗi ko citta ko zoɓo daga sito har cikin jirgi, ba a naɗa mutum a kansa, koya ake yi, kuma wanda ya koya ba mai sauke shi. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, an buɗe ta Dala a Kano a 2023, wai don a kawo mana aikin tashar ruwa har gida. Wa zai yi aikin in ba mu koya a inda ake yin sa ba? Sai a sake ɗauko wasu daga can su zo su yi mana, mu kuma mu koma Facebook muna cewa an mamaye mu.

Wasu kuma za su ce tsoron ba na banza ba ne. Wannan ma gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Ba mu manta da rikicin Idi-Araba na 2002 ba, ko na Mile 12 na 2016. Ba mu manta da mafarauta goma sha shida da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna kan hanyarsu ta komawa gida ba, Allah ya jiƙansu. Hana acaɓa da aka yi a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 ya raba yaranmu da yawa da abincinsu. Ni kaina an kira ni "aboki" da irin muryar da ba ta abota ba. Wani kwandastan danfo ya riƙe mini canji ya yi kamar bai ji ni ba, kuma a wata gadar masu tafiya a ƙasa saura ƙiris a zare mini waya daga aljihu. Kuɗin haya kuwa ba a magana. Naira 77,000 da ake ba masu bautar ƙasa, in ba ka samu wurin kwana kyauta ba, kafin tsakiyar wata ta zama labari.

Amma ku juya abin ku gani. Kofa nawa 'yan kudu kuke gani a Gombe kowace shekara? Kuna zaton iyayensu ba sa kuka ranar da takarda ta fito da sunan jiharmu? Su ma suna da nasu labarin: masu bautar ƙasa da aka kashe a jihar Bauchi bayan zaɓen 2011, da shekarun da bama-bamai suka tashi a tashoshin motar garin nan. Wasunsu suna canzawa, amma da yawa suna zuwa. Su shiga sansani, su koyar a makarantunmu, su koyi "ina kwana" da "nawa ne", wasu su gama su ƙi tafiya, su buɗe shago. Bayan shekara biyar sai ka ga yaron da ya zo da jaka ɗaya yana ɗaukar yaranmu aiki. Mu ce me? Shi ya san garinmu, mu ba mu san nasa ba. Kuma tun 1973 da gwamnatin Gowon ta kafa shirin nan bayan yaƙin basasa, manufarsa ke nan, kowa ya je ya ga inda ba nasa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tsoron nan sabo ne, ba gado muka yi ba. Tun a 1863 akwai Hausawa a Legas da yawan da Bature Glover ya kafa rundunarsa da su, wadda ake cewa ita ce tushen sojan Najeriya. Fataucin goro ne ya zaunar da kakanninmu a Agege. Alhassan Dantata da ya rasu a 1955, ta teku yake ɗauko goro daga Gwalkwas, Gana ta yau, zuwa Ikko, a zamanin da ba waya ba mota mai kyau. Jikan gidan, Aliko Dangote, Legas ya koma ya kafa kasuwancinsa, yau ga matatar mai ta ganga 650,000 a rana a Lekki, kusa da sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka buɗe a 2023. Ba cewa nake kowa zai zama Dangote ba. Cewa nake waɗanda suka riga mu ba su ɗauki bakin teku a matsayin ƙasar wasu ba. Legas ita ce babban birnin ƙasar nan har Disambar 1991. Gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 da na hau ina ta ɗaukar hoto kamar baƙauye, da kuɗin Najeriya aka gina ta, har da na iyayenmu.

Ban haɗa da kowa ba. 'Yar uwa mai aure, doka ma ta ba ta damar a mayar da ita inda mijinta yake. Mai rashin lafiya na gaskiya, ko wanda shi kaɗai ke jinyar mahaifi, uzurinsa a fili yake. Wadda iyayenta suka ce a'a, ta bi maganarsu, albarka ta fi komai, ko da yake na ga 'yan matan arewa da hijabinsu suna aiki a asibitoci da bankuna a can, ba abin da ya cinye su. Da kai nake, kai ƙato mai lafiya, da kake buga ƙwallo kullum da yamma amma kake neman takardar asma. Ka fara rayuwar aikinka da ƙarya da cin hanci, don kawai ka guje wa garin da ba ka taɓa gani ba, sannan gobe ka zo kana zagin shugabanni.

In Allah ya sa an tura ka, ko ka samu dama a hutu, ga ɗan abin da na koya. Kada ka sauka a garin ba ka da lambar wanda zai tarbe ka. Kusan kowace unguwa a Gombe akwai mai ɗan uwa a Agege ko Mile 12, ka tambaya tun kafin ka tashi. Ka yi ƙoƙari tafiyarka ta zama ta rana a inda hanya ba ta da kyau. Ka riƙe katin shaidarka a jiki kullum. Ka tanadi canji kafin ka hau danfo, ka tambayi kuɗin mota kafin ka zauna. Ka fita da wuri, don cunkoson garin yana iya cinye maka awa uku a tafiyar da ba ta fi daga Tumfure zuwa Babbar Kasuwa ba. Ka koyi gaisuwa da Yarabanci ko kalma biyar ce, za ka ga yadda fuska ke sakewa. Wata dattijuwa mai sayar da abinci da na gaishe ta da harshenta, sai da ta ƙara mini nama. Ba ruwanka da gardamar siyasa ko ta ƙabila a cikin mota.

Sannan, don Allah, kada ka je ka ƙare shekarar a majalisar 'yan garinku kuna shan shayi kuna kewar gida. Wannan ma zaman Gombe ne, wuri kawai ka canza. Ka shiga Computer Village a Ikeja ka ga yadda yara ke gyaran waya. Ka shiga Balogun da Idumota ka ga inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Ka nemi wanda ke aikin fitar da kaya a Apapa ko Tin Can ka ce zai koya maka ko kyauta ne. Ka yi tambaya har a gaji da kai. In ka gama ka dawo gida da abin da ka koya, don ba cewa nake mu tare a can ba. Riɗin a nan ake noma shi, waken a nan, shanun a nan. Ilimin sayar da su ne yake can.

A hanyarmu ta dawowa, mun wuce Alƙaleri gari ya fara wayewa, Baffa ya juyo ya ce mini: "Ɗana, ni na gama nawa. Ƙarfina ya kai kaya Ikko shekara ashirin. Abin da nake roƙo, kafin in mutu in ga ranar da za a miƙo takardar nan, wani nawa ya duba ya ce a'a, nan ba daidai ba ne." Na ce: "In sha Allahu Baffa, za ku gani."

Shi ya sa ni dai na yanke shawara. In lokacin cike fom ya zo, ba zan nemi mai hanya ba, ba zan nemi likita ba. In an ba ni zaɓi, Legas zan sa. Na gaya wa Dada, ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya tsare. Gani ya kori ji, jama'a. Wanda ya taɓa zama a can, ko ya yi bautar ƙasa a kudu, ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da mara daɗi, don ƙannenmu su yanke hukunci da sani.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawar da ke tafe, ya sa mu gama lafiya, ya kai mu inda arzikinmu yake.